Akwatin tambayoyin tsofaffin shirye-shiryen talabijin: wata huɗu ina gwada shi a gidan tsofaffi

Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke jihar Ohio ta Amurka, shekarata ta shida ke nan. Duk ranar Laraba ni ake bar wa ɗakin hutu daga ƙarfe uku zuwa huɗu da rabi, in nemo abin da zai hana mutum goma sha biyu gyangyaɗi a kan keken guragu. Mun yi wasan lambobi har ya fita ranmu, mun yi zane, mun yi saƙa. Shi ne na ga wani akwatin kati a intanet, na tambayoyi kan shirye-shiryen talabijin na shekarun 1950 da 1960, wato lokacin da waɗannan bayin Allah suke yara da samari. Dala 25 na biya daga aljihuna. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya yi shi ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Kati 300 ne a ciki, launi huɗu. Ja na 'yan wasa, shuɗi na sunayen shirye-shirye da shekarunsu, kore na labarin bayan fage, ruwan ɗorawa kuma na take, wato kiɗan nan da ake buɗe shiri da shi. Kowane katin take yana da 'yar alamar da za ka haska da waya, kiɗan ya tashi na daƙiƙa ashirin ko talatin, mutane su canki shirin.

Ranar farko na fara da shuɗin kati, kuma na sha kunya. Na karanta, "A wace shekara aka fara nuna Gunsmoke a talabijin?" Tsit kake ji. Wata tsohuwa ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "'Yata, ko shekarar aurena sai na yi lissafi." Amsar 1955 ce, kuma da na faɗa babu wanda ya ko ɗaga gira. Na sake jawo biyu, duk kanwar ja ce. Har na fara lissafin dala 25 ɗina a kuɗin gida, ina jin takaici.

Sai na jawo mai ruwan ɗorawa na haska. Fito ne ya tashi, fiton mutum ɗaya da baki, a hankali kamar mai tafiya rafi. Akwai wani dattijo da ke zama kusa da taga, wanda tun da aka kawo shi ban taɓa jin ya haɗa kalma uku ba. Ko abinci za a ba shi sai dai ya gyaɗa kai. Wallahi kafin kiɗan ya kai rabi ya tattara leɓe ya kama fiton, kuma da wayar ta yi shiru bai tsaya ba, sai da ya kai shi ƙarshe. Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya: Andy Griffith! Wato shirin The Andy Griffith Show. A bayan katin an rubuta cewa Earle Hagen, wanda ya tsara kiɗan, shi ne da bakinsa ya yi fiton da aka naɗa, kuma yaron nan mai jifa da dutse a farkon shirin shi ne Ron Howard, wanda ya girma ya zama babban darakta. Na karanta musu, amma hankalina yana kan mutumin taga.

Daga ranar na gane inda albarkar akwatin take. Tambayar shekara jarrabawa ce, kuma ba wanda ke son a yi masa jarrabawa yana da shekara tamanin da biyar. Take kuwa ba ya tambayar mutum komai, shigarsa kawai yake yi. Da na sa na The Addams Family, wanda Vic Mizzy ya tsara a 1964, mutanen da sanyin ƙashi ya kanannaɗe musu yatsu suka riƙa ƙoƙarin ƙyasta yatsa sau biyu a daidai inda ake ƙyastawa. Sauti bai fito ba a hannun yawancinsu, amma ba wanda ya kuskure lokacin.

A cikinsu akwai tsohon malamin kiɗa, wanda ya koyar a makarantar sakandare har ya yi ritaya, kuma shi ne ya zame mini alƙali ba tare da na naɗa shi ba. Na sa wani take mai gudu kamar sukuwar dawaki, maza suka yi ihu, "The Lone Ranger!" Shi kuwa ya ɗaga yatsa ya ce a'a, Rossini ne, ɗan Italiya, kuma kiɗan buɗe wasansa ne na William Tell tun 1829, kaboyin aro kawai ya yi. Aka yi ta musu, alhali duka ɓangarorin suna da gaskiya. Haka da na sa na Mission: Impossible, aka yi ta ƙoƙarin tafi ana sarƙewa. Malam ya ce ba laifin hannunsu ba ne: Lalo Schifrin, mutumin Ajantina da ya tsara shi, a kan bugu biyar ya gina kiɗan, ba huɗu da kunne ya saba da shi ba. Ya sa muka riƙa ƙirga ɗaya zuwa biyar a kan hannun kujera. Ni kaina sai a karo na uku na kama.

Koren kati shi ne na biyu a daraja, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa a kan shiri ɗaya ne, I Love Lucy. Da farko na ɗauka son kai ne na masu akwatin. Da na karance su, na kuma nemi shirin na kalla a gida, sai na sauke musu wannan zargin.

An fara shi ranar 15 ga Oktoba 1951 a tashar CBS, ya yi shekara shida, kashi 180. Lucille Ball da mijinta na gaske Desi Arnaz, haifaffen Kyuba, su ne mata da miji a ciki. A zamanin, yawancin shirye-shirye daga birnin New York ake watsa su kai tsaye, waɗanda ke nesa kuma sai a ɗauko musu hoton daga fuskar akwatin talabijin, ya zo musu dishi-dishi. Su kuwa ma'auratan suka ce ba za su bar Los Angeles ba, sai dai a ɗauki wasan a kan fim irin na silima. Wannan ya fi tsada. Sai suka yarda a rage musu albashi, a madadin haka fina-finan su zama mallakin kamfaninsu, Desilu. Masu tashar suka ga kamar sun yi arha, don a lokacin ba a ɗauki shirin da aka riga aka nuna a matsayin kadara ba. Ashe tsohon zance ne zai fi kawo kuɗi: ingancin hoton ya sa aka yi ta maimaita shi shekara da shekaru, har ga shi ni 'yar Arewa ina kallonsa a waya. Suka ɗauko Karl Freund, wanda ya yi suna tun a silimar Jamus, ya tsara musu fitilu yadda kyamara uku za su riƙa ɗauka lokaci guda a gaban 'yan kallo na gaske. Dariyar da kake ji a ciki ta mutanen da ke zaune a wurin ce. Kuma wannan Desilu ɗin, bayan auren ya mutu a 1960 Lucille ta sayi kason Desi a 1962, a ƙarƙashinta ne aka yi Star Trek da Mission: Impossible ɗin da muka kasa yi wa tafi.

Katin da ya fi tayar da hira shi ne na cikin da Lucille ta samu. An shigar da shi cikin labarin wasan, amma tashar ta hana a furta kalmar Ingilishi ta "mai ciki", sai dai a kewaya a ce tana jiran haihuwa. Na yi dariya na ce musu ai mu ma haka muke, sai mu ce tana da juna biyu, ko ta yi nauyi. Kashin da ta haihu a ciki an nuna shi ranar 19 ga Janairu 1953, ranar da ita ma ta haifi ɗanta na gaske, kuma mutum kusan miliyan 44 suka kalla, fiye da waɗanda suka kalli rantsar da Shugaba Eisenhower washegari. Tsohuwar nan mai tabarau, wadda ta ce ba ta tuna shekarar aurenta, sai ga ta tana ba mu labarin daren dalla-dalla. Shekararta goma. Gidansu babu talabijin, don haka gidan maƙwabta suka je, yara a ƙasa a kan darduma, manya a kujera, kuma an gargaɗe su cewa duk wanda ya yi tari za a kore shi. Tana faɗa ina ganin kaina a unguwarmu, mun yi ɗage a bakin tagar gida ɗaya tilo mai talabijin, muna addu'ar kada a ja labule. Na ba ta labarin, ta kama hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Jan kati matsakaici ne. Wanda ya fi armashi a ciki shi ne cewa James Arness, wanda ya yi shekara 20 yana fitowa a Matt Dillon na Gunsmoke, wa ne ga Peter Graves na Mission: Impossible, uwa ɗaya uba ɗaya. Rabin ɗakin ba su taɓa sani ba, wata har ta ce ƙarya katin yake yi, sai da na nuna mata hotunansu biyu a waya ta ga haɓar. Na Clint Eastwood kuwa, cewa a Rawhide ya fara yin suna, kowa ya sani, ba a ɓata lokaci a kansa ba.

Yanzu ƙorafi.

Na farko, akwai kuskure a ciki, kuma a katin take, inda bai kamata ba. Katin The Twilight Zone yana sa kiɗan nan mai tayar da tsigar jiki da kowa ya sani, sannan ya ce Bernard Herrmann ne ya tsara. Malam ya buga hannu a keke ya ce sam. Na duba da daddare, gaskiyarsa: Herrmann ya yi taken shekarar farko, 1959, amma wanda ya shahara na Marius Constant ne, an fara amfani da shi daga shekara ta biyu. Na gyara da biro. Abin da ya dame ni, wannan mun kama shi ne don muna da malamin kiɗa. Sauran 299 fa?

Na biyu, rubutun ƙanana ne ƙwarai, kamar na jikin kwalbar magani, katin kuma santsi gare shi. Abin da aka yi don masu shekara saba'in zuwa sama, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya riƙe shi ya karanta da kansa. Ni ce mai karatu kullum.

Na uku shi ne ya fi ƙona mini rai. Kiɗan ba a cikin akwatin yake ba, a intanet yake. Cikin katin take 75, na ƙirga tara da ba sa buɗewa sam, wasu kuma sai talla ta fara shigowa. Ka yi tunanin an yi shiru, tsofaffi sun miƙa wuya, sai muryar mai tallar inshorar mota. Na aika wa kamfanin saƙo sau biyu, har yau ko gaisuwa.

Na huɗu ba ni na gano shi ba. Wata dattijuwa baƙar fata, wadda ba ta cika magana a wasan ba, ta tambaye ni wata rana, "Cikin katin nan naki babu Nat King Cole?" Na zazzage akwatin kaf, babu. Ta ce lokacin da tashar NBC ta ba wa wannan shahararren mawaƙi baƙar fata shirinsa a 1956, duk gidajen layinsu a gaban talabijin suke kwana ranar, don ba kasafai suke ganin mai irin fatarsu yana jagorantar shiri ba. Shekara ɗaya da 'yan makonni ya yi ya tsaya a ƙarshen 1957, saboda manyan kamfanoni sun ƙi ɗaukar nauyinsa a faɗin ƙasa. Akwatin yana da kati huɗu a kan Bonanza, har da wanda ya bayyana cewa an yi shi da launi tun 1959 ne don RCA, kamfanin da ya mallaki NBC a lokacin, ta samu ta sayar da talabijin mai launi. Wanda ya san wannan ya san na Nat King Cole, barinsa aka yi. Na yanko kwali na rubuta masa kati da hannuna, na sa a cikin koren.

To, a saya ko kada a saya? Idan kana da tsoho Ba'amurke a hannunka, ko suruki, ko maƙwabci, ko irin aikina kake yi, saya, amma ka ɗaure shuɗin katin da roba ka jefa a aljihun tebur kamar yadda na yi. Kafin ranar wasa ka gwada kowane take a gida, ka ware matattu. Idan kuma don kanka ne, kai da ba ka tashi da waɗannan shirye-shiryen ba, koren kati kaɗai zai amfane ka, kuma karatun dare biyu ne. Na kai shi gida sau ɗaya na gwada da maigida da yara, cikin minti goma kowa ya koma kan wayarsa.

Yanzu tsarin Larabarmu ya zauna: take shida, kore uku, ja ɗaya idan lokaci ya rage. Fiton nan kuwa na daina sa shi cikin gasa, don ba wanda ke ba da amsa, kowa juyawa yake wajen taga yana jira. Shi nake sawa a ƙarshe, kafin a zo turo kekuna zuwa cin abincin dare. Makon jiya da ya gama fiton, dattijon ya dube ni ya ce, "Sake." Na sake.