Littattafan Orisha guda uku: biyu sun tafi da ni, na ukun kuma Allah ya isa tsakanina da mai sayarwa

Jimeta a bakin teku jama'a, har da jiragen ruwa da 'yan fashi! Abun da ya fara kama ni ke nan a littafin Tomi Adeyemi ɗin nan, Children of Blood and Bone, kuma fa ba don kaina na saya ba, 'yar yayata na saya wa da take zaune wajena a nan Jidda tana makaranta, yarinyar da aka haifa a Makka ba ta taɓa taka Najeriya ba, Hausar ma rabi da rabi take yinta da Larabci. An ce su dinga karatun Turanci lokacin hutu shi ne na shiga maktaba, wato kantin littattafai, na ɗauko mata na ɗaya da na biyu saboda na ga baƙar yarinya a bango da farin gashi. Ina buɗewa sai ga taswira, ga Sokoto ga Gombe ga Zariya ga Ilorin ga Legas, na ce ikon Allah, ke ba ni nan tukunna.

Ƙasar ƙirƙirarriya ce, sunanta Orisha, marubuciyar sunayen garuruwanmu kawai ta ara ta watsa su inda ta ga dama. Ilorin ƙauyen masunta ne a kan ruwa, Sokoto wajen 'yan kasuwa da matafiya a gefen tafki, Gombe garin ƙarafa da kurkuku mai ban tsoro, Jimeta kuwa matattarar 'yan ta'adda ce da ko sojan sarki ba ya son shiga. Na yi dariya har da hawaye na kira ƙawata 'yar Yola da ke aure a Madina na ce mata ashe haka kuke ba mu sani ba. Da farko abun ya ɗan sosa min rai gaskiya, don ita marubuciyar Bayarabiya ce da ta tashi a Amurka kuma da gani ba ta san Arewa ba, amma ana tafiya na daina damuwa, labarin ya fi ƙarfin wannan ƙorafin.

A taƙaice dai sarki Saran ne ya sa aka kashe duk masu baiwar sihiri a dare ɗaya, shekara 11 kafin labarin ya fara, ciki har da uwar Zelie, tauraruwar labarin, wadda aka kashe a gabanta tana ƙarama. 'Ya'yansu da suka rage ana gane su da farin gashi, ana tatsar su haraji, wanda ya kasa biya a kai shi aikin bauta. Sai 'yar sarkin kanta, Amari, ta sace wata takarda da za ta iya dawo da baiwar ta gudu daga fada bayan ubanta ya kashe hadimarta a gabanta, kuma sunan hadimar Binta. Wallahi wajen nan ya taɓa ni, yarinyar ba ta daɗe a labarin ba amma har ƙarshe ina tuna ta. Yayan Amari, Inan, shi aka turo ya kamo Amari da Zelie da suka haɗe, shi kuma wannan yaron ban taɓa ganin mai canja ra'ayi irinsa ba, yau yana tare da su gobe ya koma wajen ubansa, na sha ajiye littafin don haushinsa in tashi in yi wani aiki in dawo.

Abun da ya fi min daɗi shi ne yarinyar nan da da ƙyar take haɗa jimla uku da Hausa sai ga ta tana bina kicin, Khala (haka take kirana, wato ƙanwar uwa da Larabci) da gaske akwai Gombe, Khala mu daga ina ne a nan, Khala me ya sa ba a taɓa kai mu ba. Har waya ta sa na kira mata kakarta a Kano. Yayata kam da ta zo daga Shara Mansur ta Makka ta ga littafin cewa ta yi na kawo wa 'yarta littafin tsafi a ƙasa mai tsarki, na ce haba Yaya, mu da muka tashi muna karɓar hayar littattafan yaƙi masu bokaye da aljanu muna ɓoyewa ƙarƙashin filo, wa ya zama boka a cikinmu? Amma dai iyaye ku sani, akwai abubuwan bautar Yarabawa na gargajiya a ciki irin su Oya, akwai soyayya da ta ɗan wuce gona da iri a wasu wurare, akwai kuma azabtarwa a kurkukun Gomben nan da ni babba ma sai da tsigar jikina ta tashi. Ni ba zan ba wa ƙaramin yaro ba, kuma gara uwa ta fara lekawa.

Na ɗaya ya fito 2018, ya haura shafi 500 amma ba ka jin tsawonsa don surorin gajeru ne. Na biyu, Children of Virtue and Vengeance, 2019, faɗa ne daga farko har ƙarshe, kowa na fushi da kowa, ya ƙare a inda dole sai ka nemi na uku.

To nan ne aka ɓata min rai. Na ukun, Children of Anguish and Anarchy, sai 2024 ya fito, mutane shekara kusan biyar suka yi suna jira, ni da na zo daga baya na ce ai na huta. Na koma inda na sayi na farkon babu, sai na ga wani mai talla a Instagram yana cewa duk littafin Turanci da kake so zai kawo maka har gida, na asali, ya ma rubuta asali da manyan baƙi. Na tura masa kuɗi cikakke har da na mandub, wato ɗan aiken da ke kawo kaya, kuɗin ma ya fi wanda na biya a maktaba. Kullum bukra bukra, wato gobe gobe, har yarinya ta gaji da tambaya. Ran da ya iso tun daga leda na san akwai matsala, takarda shara-shara ana hango rubutun bayan shafi, tawada na gogewa a yatsa, bangon kalarsa ta koɗe kamar atamfar da ta sha rana. Na ce to mu dai mu karanta. Muna tsakiya, daidai inda abu ya ɗau zafi, sai shafuka suka tsallake, waɗanda muka riga muka wuce su ne aka sake maimaitawa a gurbin, ɗauri guda cur babu! Na ɗau hoto na tura masa ya ce wai haka kamfani ya buga, na ce wane kamfanin, ya ce in dawo da shi amma ni zan biya mandub zuwa da dawowa kuma ba zai mayar da kuɗi ba sai dai canji, da na matsa sai ya daina duba saƙona. Mtsw. Mutum yana zaune a ƙasar nan yana jin kiran salla sau biyar yana cin irin wannan kuɗin. Sai na murya muka saya a waya muka saurari wajen da ya ɓata, wato sau biyu na biya littafi ɗaya.

Kuma abun haushin, bayan duk wannan wahalar shi kansa na ukun bai kai 'yan uwansa ba a wajena. Duk rikicin da aka gina a littafi biyu, na sarauta da na masu farin gashi, sai aka ture shi gefe aka kawo wasu sababbin maƙiya daga ƙetaren teku masu rufe fuska da ƙoƙon kai da sarkinsu Baldyr, aka kai mu wata sabuwar ƙasa, komai a guje kamar ana korar marubuciyar. Na ji daɗi dai da aka ba Tzain, yayan Zelie, bakin magana, don shi ne mai hankalin cikinsu tun farko. Ita yarinyar ta ce ya yi mata, har kuka ta yi a ƙarshe, ƙila ni ce ɓacin ran mai sayarwa ya bi ni har cikin labarin, amma ko yanzu da na huce ban canja ba. Na ɗaya ku nema ko aro ne, na biyu ma ba laifi, na uku kar ku saya sai kun riƙe shi a hannu kun bubbuɗe tsakiya. Sannan dan Allah waɗanda suka karanta, ina Roen ya shiga? Mutumin da ya cika littafi na biyu aka sa muka saba da shi, a na uku na yi ta baza ido, har na zata yana cikin shafukan da ɓarawon can ya cinye min, ashe ko a na muryar ma haka abun yake.