Lodin jiragen kaya a filin jirgin Kano: awo ya yi, ɗauri da saura

Ɗaya daga cikin kamfanonin da ke lodin jiragen kaya a filin jirgin Malam Aminu Kano ya cancanci yabo wajen awo. Kowane faleti, wato faifan da ake jera kaya a kai a ɗaure, sai ya hau sikeli kafin ya bar sito, ba a dogara da abin da mai kaya ya rubuta. Da wannan adadi ake tsara mazaunin kaya a cikin jirgi. In nauyi ya taru a baya, hanci kan ɗaga tun a ƙasa, wutsiya ta zauna.

Ɗaurin ne da saura. Akan ga ragar rufe kaya mai tsinkakkiyar igiya an ƙulle ta da hannu, alhali canza ta ya kamata. Makullan daɓen jirgi da ke riƙe faleti ma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A Bagram ta Afganistan, ranar 29 ga Afrilun 2013, motar soja ta kwance cikin jirgin kaya ƙirar Boeing 747 yana tashi, ta gangara baya ta lalata na'urorin wutsiya. Mutum 7 suka rasu.

Waigin taya kuwa ma'aikatan kamfanin suna sa shi da wuri, madalla. Sai dai ledojin naɗe kaya da iskar hunturu ke kwasowa, a riƙa tsince su kafin injin jirgi ya zuƙe.