Kano zuwa Jidda: jirgin kai tsaye ko mai yada zango?

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tazarar ta kai kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe sak. Jirgin da ba ya sauka ko'ina yana cin awa biyar ko kusa da haka, sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama ke kewaye sararin samaniyarta, tafiyar takan ƙara tsawo. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma lokacin saukar da aka rubuta a tikiti na can ne. Idan ka ga tashi ƙarfe 10 na safe, sauka 5 na yamma, awa biyar za ka yi a sama, ba bakwai ba.

Ga mai tafiya Umara, musamman da dattijo ko mai ciwon ƙafa, jirgin kai tsaye shi ne zaɓi, ko da kuɗinsa ya ɗara. Sau ɗaya za a auna kaya, sau ɗaya za a hau matakala, jakarka tana cikin jirgin da kake ciki. Maganar harami ma ta fi sauƙi: ka yi wanka a gida, ka ɗaura tun a Kano ko ka sa shi a jakar hannu, ka yi niyya kafin jirgi ya wuce miƙati. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cusa haramin a babban akwati, a tuna da shi bayan an tashi.

Idan mai yada zango ne, ta Alƙahira da EgyptAir, tafiyar ta zama kusan kilomita 4,300. Ta Addis Ababa da Ethiopian, kusan 4,700. Awannin sama ba su ne matsalar ba, zaman jira ne, wanda kan cinye yini. Ta Doha kuwa ka wuce Saudiyya ne gaba ɗaya sannan ka dawo baya.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen tikiti. Wani dillalin zai miƙo maka takarda mai sunanka da lambar ajiye kujera mai haruffa shida, alhali bai biya ko kwabo ba. Bayan 'yan kwanaki kujerar ta faɗi, sai a wajen auna kaya a filin jirgi ka sani. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Na Saudia yana farawa da 065, na EgyptAir 077, na Ethiopian 071. Shiga shafin kamfanin da kanka, ka sa lambar ajiye kujerar da sunan mahaifi, ka ga tafiya da dawowa duka sun tabbata kafin ka cika kuɗi. Wasu kuma tikiti biyu daban suke haɗa maka don ya yi araha: jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, babu wanda zai ɗauki nauyinka, kayanka ma sai ka karɓa ka sake aunawa. Ka tambaya ƙarara ko jirgin yana sauka wani gari ɗaukar fasinja, domin akwai mai lamba ɗaya da ake kira kai tsaye amma yana tsayawa a hanya. Kamfanin da zai shirya maka Umara kuma, ka nemi ganin lasisinsa na hukumar alhazai ta NAHCON.