Daga Bankok Zuwa Gida: Shinkafa, Ƙoƙon Ruhubani da Zaman Shiru

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun tashi lafiya, ya Inna da yara? A saƙonka na ƙarshe ka ce in ba ka labarin zaman Tailan dalla-dalla, ka kuma ce hankalin Inna bai kwanta ba tun da ta ji an ce ƙasar masu gumaka ce. Waya ba ta ɗaukar dogon bayani, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka karanta mata a tsanake.

Bari in fara da shinkafa, tunda da ita muka san sunan ƙasar nan tun muna yara. 'Yar Tailan ɗin da muke ji da ita ranar salla, su nan ba ita suke ci ba. Turararriya ce, irin gumin da matanmu ke yi, kuma don kasuwannin waje suke yin ta. Tasu ta ci sunanta hom mali, fara sol, mai laushi, tun tana tukunya ƙamshinta ya cika gida. Farantinta da kaza a bakin titi bat 50 zuwa 60 ne, bat shi ne sunan kuɗinsu. Amma naman shanunsu bai kama ƙafar namu ba, kuma komai sai sun barbaɗa masa sukari, har miya. Alade kuwa ko'ina, don haka ba na sayen abin gwangwani ko na leda sai na ga tambarin halal na majalisar Musulmin ƙasar. Ka gaya wa Inna akwai Musulmi, akwai masallatai. Ina yin Juma'a a masallacin Harun da ke Bang Rak, wani lokacin kuma a Darul Aman kusa da kasuwar Pratunam, inda 'yan uwanmu masu sarin tufafi suka fi yawa.

Wuta ba abin magana ba ce a nan. Tun zuwana ban ji ƙarar janareta a unguwarmu ba. Mai soya ayaba a bakin hanya ma tana da lambar PromptPay, ka haska da waya kuɗi sun shiga kafin ta naɗe maka ledar. 'Yan acaɓansu suna da riga ruwan lemo mai lamba a baya, da tasha, da allon farashi, babu ciniki babu gardama. Jirgin ƙasa na BTS da ke bi ta saman titi tun 1999 yake aiki, akwai sanyi a ciki, ba ya jinkiri. Sai dai cunkoson motoci a ƙasa ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma daga ƙarshen shekara zuwa wajen Maris wani hazo ke rufe gari. Idan ka gan shi sai ka ce ƙurar hunturu ce, alhali hayaƙi ne, yana sa ƙirji nauyi. Ɗan ƙasa yana da tsarin asibiti na bat 30 tun 2002, baƙo kuwa aljihunsa ne ke magana. Haka a tsohuwar fadar sarki: ɗan ƙasa ya shiga kyauta, baƙo ya biya bat 500. Ga zuwa ofishin shige da fice duk kwana 90. Duk wanda ke shirin tahowa ya lissafa da waɗannan.

Yanzu ga abin da ya dami Inna.

A cikin jirgin nan na fara lura da matsayin ruhubanawansu, wato masu keɓe kansu don addini, masu aske kai da mayafi ruwan goro. A jerin waɗanda ake tashi a ba kujera, tare da tsoho da mai ciki, akwai hoton ruhubani. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya Buda ne, wuraren ibadarsu da suke kira wat sun haura 40,000, kuma ko a takardar kuɗin wuta shekararsu ce a rubuce, wadda ta riga ta miladiyya da 543.

Kullum idan na dawo daga sallar asuba nakan tarar da maƙwabciyata mai sayar da abinci, wata dattijuwa, tsaye a ƙofarta da tukunyar shinkafa mai tururi. Gari na fara haske sai ga ruhubanawa uku ko huɗu a jere, ƙafa ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙonsa, ido a ƙasa. Ba sa sallama, ba sa roƙo, ba sa buga ƙofa. Ita ce ke kiran su. Sai ta cire takalmanta, ta ɗebi shinkafar farko ta saman tukunya, wadda ko jikokinta ba su taɓa ba, ta zuba a ƙoƙon a hankali don kada hannunta ya taɓa shi, ta ɗora ƙullin miya da ayaba, sannan ta durƙusa. Su karanta mata wani abu gajere da harshen Pali na littattafan addininsu, su wuce. Babu na gode. Na tambayi abokin aikina dalili, ya ce a wurinsu ita ce ya kamata ta gode, don ita aka ba damar samun lada.

Yaya, ranar da na fara ganin wannan, almajiran ƙofar gidanmu ne suka faɗo mini a rai, da robobinsu, da ragowar tuwon jiya da muke miƙa musu ta soro ba tare da mun dubi fuskarsu ba. Mu ma mun ce mai neman ilimi abin girmamawa ne, mun ce ciyar da shi lada ne. Amma mu abin da ya kwana muke bayarwa, su kuwa na farkon tukunya. Nan ma akwai yaran talakawa da iyaye ke kai wa wat, wasu a aske musu kai su zama ƙananan ruhubanawa, wasu su riƙa bin manya da jaka suna ɗaukar abincin da aka tara. A can suke ci, a can suke kwana, a can suke karatu har da na zamani. Ban taɓa ganin ɗayansu a tashar mota da dare yana neman na abinci ba. Wannan ya tsaya mini a zuciya fiye da jirgi da wutar lantarki.

Dokokin ruhubani 227 ne. Ba ya cin abinci bayan rana ta yi tsaka sai gobe, ba ya aure muddin yana cikin mayafin. Kuma ba lallai ya dawwama ba: samari da yawa sukan shiga na wata uku a damina, ko ma 'yan makonni, su fito su yi aure su kama sana'a.

Ka san abin da ya kawo ni, safayar Mambila da sauran duwatsun ado. Kasuwarsu tana Cantaburi, tafiyar kamar awa huɗu daga Bankok, tana ci Juma'a zuwa Lahadi. Masu saye na zaune a tebur, dillalai na zagayawa da duwatsu a ƙunshin takarda. Wata rana wani tsoho ya duba kayana da madubinsa, ya taya da abin da bai kai rubu'in kuɗinsu ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya kamar yadda muke yi a gida, inda hayaniya ma cikin ciniki take. Kowa ya yi tsit. Tsohon ya ajiye madubin, ya rufe ido, na ga ƙirjinsa ya hau ya sauka sau uku, sannan ya buɗe ido ya ce, "Jai yen yen." Wato sanyaya zuciya. Mai saurin fushi a nan "mai zafin zuciya" suke ce masa kamar dai mu, sai dai su a wurinsu abin kunya ne babba, wanda ya ɗaga murya ya riga ya faɗi ko da shi ke da gaskiya. Bayan wasu watanni mun saba da tsohon, har ya gaya mini cewa yana saurayi ya yi wata uku a wat don mahaifiyarsa, kuma abin da ya fito da shi ke nan: idan fushi ya taso, ya gan shi yana tasowa kafin ya kai baki. Wannan lurar ita suke kira "sati" da harshensu.

Daga nan na fara tambaya. Ga abin da suke faɗa. Buda ba suna ba ne, laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunansa Siddatta Gotama, ɗan sarauta, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau. Ya bar gida yana da shekara 29, ya shekara 6 yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya gane ba mafita ba ce, sai ya kama tsaka-tsaki. Yana da 35 ya zauna a gindin wata bishiya a Bod Gaya ta Indiya, nan suka ce ya farka, ya kuma shekara 45 yana koyarwa. Koyarwar a kan gaskiya huɗu take. Rayuwa ba ta rabuwa da ƙunci. Tushen ƙuncin ƙishirwa ce, son a samu, son a riƙe, son a rabu da abin da ba a so. Ƙishirwar tana iya mutuwa kamar yadda wuta ke mutuwa idan itace ya ƙare, wannan ne nibbana. Sai hanyar kaiwa can, mai rassa takwas, waɗanda suke tattarawa gida uku: gyaran hali, tattara hankali, da basira. Mutumin gari kuwa alkawari biyar yake ɗauka: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba maye. Kada ka ɗauka kowa na cikawa. Mashaya sun cika gari, kuma mayaudara suna nan kamar ko'ina.

Inda muka rabu da su a fili yake. A koyarwarsu babu maganar Mahalicci, sun yarda ana mutuwa a sake haihuwa sau ba adadi, kuma mutum da ƙoƙarinsa kaɗai zai kuɓuta. Mu kuwa mun shaida Allah ɗaya, mutuwa ɗaya, hisabi ɗaya, kuma da rahamarsa muke fatan tsira. Ka tabbatar wa Inna goshina bai taɓa ƙasa don kowa ba sai Allah, kuma babu wanda ya taɓa neman in yi.

Sau ɗaya na raka abokin aikina Wat Mahatat, kusa da tsohuwar fada, inda ake koya wa baƙi zaman natsuwa a sashe na 5. Na zauna daga baya ina kallo. Babu waƙa, babu kiɗa. Malamin ya ce kowa ya lura da cikinsa: idan ya kumbura da numfashi ya ce a ransa "fong no", idan ya lafa ya ce "yup no". Idan tunani ya kutso, kada a kore shi, kada a bi shi, a lura cewa ya zo, a koma kan numfashi. Sai tafiya: taku ɗaya a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai, ana lura da ɗaga ƙafa, da miƙa ta, da sauke ta. A wasu wuraren kalmar "buddo" suke bi, rabi a shaƙa, rabi a fitarwa. Da aka tashi ban ga mai karɓar kuɗi ba, sai akwatin sadaka a gefe.

Wannan ya ba ni mamaki, don a ƙasar nan komai da farashinsa. A kudu, a Suan Mok da malaminsu Buddadasa ya kafa a 1932, ana yin zaman kwana 10 daga ranar 1 ga kowane wata. Ba magana, ba waya, tashi ƙarfe 4 na asuba, gadon siminti, matashin katako, kuma bat 2,000 ne duka da abinci, kuɗin da wani otel ke karɓa a dare guda. A arewa maso gabas, a Ubon, akwai wat ɗin daji da wani malaminsu Ajan Ca ya buɗe wa baƙi a 1975, shi kuma da sadaka yake tafiya. Amma 'yan kasuwa sun gano cewa Turawa na neman abin ruwa a jallo, sai ga manyan otel-otel a bakin teku suna sayar da wannan zaman dai da kuɗin da zai sayi sa a gida. A manyan kantuna akwai layi guda na bokitai ruwan ɗorawa cike da sabulu, man goge baki da shayi, a saya a kai wa ruhubani. Su kansu 'yan ƙasar suna ƙorafin cewa wani bokitin rabinsa takarda ce. A Ta Pracan, dab da Wat Mahatat, kasuwar layu ce sukutum, mutane da madubi irin namu na duwatsu suna duba ƙananan gumakan rataya, wani ana sayar da shi da kuɗin mota. Buddadasa da kansa ya yi ta sukar irin wannan tun yana raye. Na tuna masu tallar laya da rubutu a tashoshinmu, da malamanmu da ke faɗa da su.

Abin da na ƙaru da shi ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye maka ba. Daren da na dawo daga Wat Mahatat na ce bari in gwada ƙirga numfashina zuwa goma. Ban kai huɗu ba hankalina ya tafi Cantaburi yana lissafin riba. Na sake, ya tafi kuɗin makarantar yara. Da na tayar da sallar isha'i sai na kama shi yana yin haka daidai, tun kafin in gama Fatiha. Shekara nawa ina salla a haka ban lura ba? Malam ya sha karanta mana cewa bawa ba shi da komai a sallarsa sai abin da ya hankalta, ya sha yi mana maganar khushu'i da halartar zuciya, muna gyaɗa kai. Yanzu nakan zauna minti biyar a kan darduma kafin kabbara, waya a wani ɗaki, ina istigfari a hankali har numfashina ya daidaita. Kuma na yi niyyar i'itikafi a goman ƙarshe na azumin bana, in Allah ya kai mu, abin da ban taɓa yi ba.

Akwai wanda zai taho ƙarshen wata, na ba shi man zafi kwalba shida na gwiwar Inna, irin na nan ya fi wanda muke saya ƙarfi, a riƙa shafa kaɗan. Akwai hom mali kilo biyar, ku dafa ba tare da ruwa mai yawa ba. Cikin kuɗin da na turo a ware na buhun shinkafa ɗaya don almajiran Malam, kuma don Allah a riƙa zuba musu tun tana da zafi, kafin a raba na gida. Idan zai dawo a haɗo ni da kuka, daddawa da kilishi. A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.