Rode Wireless GO II a jikin jaruma: ya yi a fim, a dandamali kuwa sai da hattara

Kamfanin Rode na Ostireliya ne ya fito da wannan makirufo marar waya a 2021. A kwalin akwai masu aika sauti biyu da mai karɓa ɗaya, kowanne kamar akwatin ashana, batirinsu na kai awa 7. Ƙaramin makirufon liƙawa a riga daban ake sayensa, ga jaruma kuwa dole ne, don shi ke ɓuya a cikin kaya.

Kayan ne ma babban aikin. Shadda mai sitati da leshi mai duwatsu ƙara gare su, gyale na zamewa ya goge kan makirufon, sarƙa ta yi ta bugunsa. A liƙa shi da filasta a tsakiyar ƙirji, taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a naɗe wayar ta yi ɗan zobe a sake liƙewa, mai aikawar a ɗaure shi a ƙugu. Mace ya kamata ta sa mata. Ramin da wayar ke shiga ba ya kullewa, jaruma na durƙusawa gaisuwa sai ta zare, na'urar ta koma makirufonta na ciki, murya ta fito kamar daga ƙarƙashin bargo. Nan ma filasta ce magani.

Abin yabo, kowane mai aikawa yana naɗar sauti a cikinsa, ko siginar ta yanke edita na da abin ɗauka. Akwai kuma layi na biyu da ke ɗaukar sautin da ƙarfin da aka rage da desibel 20 (ma'aunin ƙarfin sauti), wanda ke ceton fitowar da jaruma ta fara da raɗa ta ƙare da ihu. Duka biyun sai an kunna su a manhajar Rode Central.

A dandamali lissafin ya sauya. Makirufon yana aiki a zangon rediyo na 2.4GHz, inda Wi-Fi da Bluetooth suke, kuma nisan mita 200 da kamfanin ya ce siginar na kaiwa sai babu komai a tsakani. Zaure ya cika da wayoyin hannu, jaruma ta juya baya, jikinta kaɗai ya isa ya tare siginar, gaban 'yan kallo kuma babu "a sake". Wasan daɓe makirufo mai aiki a wani zangon rediyo daban, wato UHF, yake so. Batirin na Rode ma ba ya ciruwa, don haka a lokeshan mai tsawo a jona caji lokacin cin abinci.