Kundin Kirsimeti na Mariah Carey da na Bob Dylan: wanne ne aikin marubucin waƙa?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a kan kundin waƙoƙin Kirsimeti na Mariah Carey mai suna Merry Christmas da kuma na Bob Dylan mai suna Christmas in the Heart, kana son sanin wanne ya kamata mai koyon rubuta waƙa ya zauna ya saurara da kunnen basira. Ka ce zuciyarka ta fi karkata ga na Dylan, tun da shi ne aka ba kyautar Nobel ta adabi a 2016 saboda baitocinsa. Dalilinka yana da ƙarfi, amma a kan waɗannan faya-fayai biyu kaɗai, amsata ita ce ka fara da na Mariah Carey, domin a cikinsa ne aka rubuta sabuwar waƙa, shi kuwa Dylan bai rubuta ko waƙa ɗaya a cikin nasa ba.

Kamfani ɗaya ne ya fitar da su, wato Columbia, amma shekara goma sha biyar ce a tsakaninsu, kuma kowanne ya fito a wani mataki dabam na rayuwar mai shi. Na Mariah ya fito a ƙarshen 1994, tana da shekara ashirin da biyar, tauraruwarta tana tsakiyar haskawa bayan kundinta na Music Box na 1993. A wancan zamani an saba ganin faifan Kirsimeti a matsayin aikin mawaƙin da kasuwarsa ta fara ja baya, don haka fitowarsa daga hannun matashiya ya zo wa mutane a matsayin sabon abu. Na Dylan kuwa ya fito a watan Oktoba na 2009, yana da shekara 68, bayan ya kwashe fiye da shekara arba'in yana fitar da faya-fayai, ba ya neman suna kuma ba ya neman kuɗi da shi. Kuɗin da ya kamata ya shiga aljihunsa daga cinikin faifan ya sadaukar da su ga masu ciyar da mayunwata da marasa muhalli: ƙungiyar Feeding America a Amurka, ƙungiyar Crisis a Birtaniya, da Hukumar Samar da Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Kundin Mariah, kamar yadda ya fito a Amurka, yana da waƙoƙi goma. Bakwai daga ciki tsofaffi ne, uku kuma sababbi ne da ta rubuta tare da abokin aikinta Walter Afanasieff. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ta raba ukun nan, domin kowacce ta tsaya a kan fuska ɗaya ta bikin. All I Want for Christmas Is You ta farin ciki ce da begen masoyi, Miss You Most ta kewa ce da kaɗaicin wanda biki ya zo ya same shi ba tare da nasa ba, Jesus Born on This Day kuma waƙar ibada ce a kan haihuwar Yesu Almasihu. Wanda ya san yadda ake bikin nan ya san cewa mutane suna zuwa masa da waɗannan zukata uku, kuma mai rubutu da ya gane haka ya riga ya yi rabin aikinsa.

Bari in daɗe kaɗan a kan ta farkon, domin a nan darasin yake. Rubuta waƙar biki sabuwa yana da wuya ƙwarai, saboda mai sauraro yana zuwa ne da kunnen da ya saba da waƙoƙin yarintarsa, kuma ba ya maraba da baƙuwa. Dabarar da suka yi ita ce sun sa wa sabuwar waƙa tsohuwar riga. Ta fara a hankali da ƙarar ƴan ƙararrawa da murya ita kaɗai, kamar za a yi addu'a, sannan kiɗa ya ɓarke da gudu, fiyano yana bugawa ba tsayawa, ƴan amshi suna karɓa, a irin salon ƙungiyoyin ƴanmata na shekarun 1960 da mai shirya faya-fayai Phil Spector ya shahara da shi. Ba su ɓoye inda suka ɗebo ba, domin a cikin kundin ta sake rera waƙar Darlene Love ta 1963 wadda ta fito daga hannun Spector ɗin. Haka kuma ba taron makaɗa ne suka buga kiɗan ba, Afanasieff ne ya harhaɗa shi a kwamfuta, aka ɗora muryoyi a kai. Ta fuskar baiti kuma, waƙar tana ambaton kayan bikin ɗaya bayan ɗaya, kyaututtuka da bishiyar ado da dusar ƙanƙara da wasiƙar da yara suke aika wa Baba Kirsimeti, tana cewa ba ta buƙatar ko ɗaya. Ta haka ta cika kunnen mai sauraro da duk abin da yake tsammani daga waƙar Kirsimeti, alhali maganarta ta soyayya ce, wadda kowa zai iya ɗauka ko da bai taɓa ganin ƙanƙara tana zuba ba.

Tarihin kasuwarta ma abin lura ne. A 1994 ba a sayar da ita a matsayin faifai mai zaman kansa a Amurka ba, don haka dokar lokacin ba ta bari ta shiga babban jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi ɗari mafi farin jini ba, a Birtaniya kuwa ta tsaya a matsayi na biyu. Sai da aka sassauta dokar da ke hana tsofaffin waƙoƙi komawa jadawalin, sauraro ta intanet kuma ya shiga lissafi, sannan ta riƙa hawa kowace Disamba, har ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a Disambar 2019, shekara 25 bayan fitowarta, ta kuma yi haka a Birtaniya a 2020. Ga mai sana'ar waƙa akwai hisabi a nan: waƙoƙi irin su Silent Night, wadda aka fara rerawa a ƙasar Ostiriya a 1818, sun riga sun zama na kowa, amma waƙar da ka rubuta da hannunka tana dawo maka da haƙƙin mallaka duk shekarar da aka kunna ta.

Kundin Dylan yana da waƙoƙi goma sha biyar, dukansu na wasu ne, daga waƙoƙin coci zuwa na rediyon Amurka na tsakiyar ƙarni na ashirin. Shi ya shirya faifan da kansa a ƙarƙashin sunan Jack Frost da yake amfani da shi a wannan aiki. An haife shi a 1941 a jihar Minesota a gidan Yahudawa, ya tashi a garin Hibbing mai tsananin sanyi, inda waƙoƙin nan suke cika tituna da rediyo kowace shekara, kuma daga 1979 ya yi ƴan shekaru yana rubuta waƙoƙin bishara. Saboda haka ba baƙo ba ne a wurin, kuma ya riƙe waƙoƙin da mutunci, bai sauya musu kama ba. Ya ajiye ƴan amshi masu santsin murya irin na shekarun 1950, ya rera baitin farko na O Come All Ye Faithful da Latinanci, ya kuma yi Must Be Santa da gudu a salon rawar polka, tare da akodiyon ɗin David Hidalgo na ƙungiyar Los Lobos.

Muryar ce ta raba kan masu sauraro. Ta Mariah tana hawa tana sauka yadda take so, kuma a O Holy Night da Jesus Oh What a Wonderful Child za ka ji tasirin waƙar cocin baƙaƙen fatar Amurka a fili, da tafi da amshi da ɗaga murya. Ta Dylan a 2009 ta dushe, ta yi kaushi, wani lokaci tana tsagewa a kan sautin da ya yi mata tsawo, har wasu masu sharhi suka ɗauka wasa yake yi. Ni ban ji wasa a ciki ba. Abin da nake ji shi ne dattijo yana rera abin da ya ji tun yana yaro, da muryar da shekaru suka bar masa, kuma a waƙoƙi masu sanyi kamar O Little Town of Bethlehem wannan kaushin yana sa kalmomin su yi nauyi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsoho a coci ranar Kirsimeti, ana rera waƙar da ya haddace shekara hamsin da suka wuce, zai gane abin da nake nufi.

To ga yadda zan ba ka shawara. Idan abin da kake nema shi ne yadda ake ƙera sabuwar waƙa ta shiga sahun tsofaffi, saurari waƙoƙi ukun da Mariah ta rubuta, ka rubuta baitocin a takarda, ka lura da inda amshi yake shigowa da abin da kowane baiti ya ƙara a kan na gabansa. Idan ka gama, kana iya ƙarawa da kundin mawaƙiya Sia ƴar Ostireliya, Everyday Is Christmas na 2017, wanda waƙoƙinsa goma duka sababbi ne da ta rubuta tare da Greg Kurstin, don ka ga wadda ta bi hanyar har ƙarshenta. Na Dylan kuwa ka ajiye shi sai ranar da kake son koyon yadda ake furta baitin wani, inda ake jan numfashi da kalmar da ake dannawa. Gwanintarsa ta rubutu kuma ka neme ta a faya-fayansa na shekarun 1960 da 1970, can ne kwamitin Nobel ya gan ta.