DJ ɗin kamun ƙanwata da waƙar da na daɗe ina rainawa

Nemo DJ na kamun ƙanwata a wuyana Yaya ta rataya shi, wai tunda ni ne ɗan waƙar gidan. Wani abokina ya haɗa ni da wani matashi a Unguwar Rimi, muka yi ciniki har da sifika biyu, makirfo da ɗan janaretansa. Ba zan kama sunansa ba, don akwai inda ya ɓata min rai.

Wajen cika alƙawari dai ba shi da laifi. An ce masa ƙarfe 4, tun 3 da rabi yana tsakar gidanmu a Malali yana warware wayoyi. Da aka ɗauke wuta ana tsakiyar liƙi, kafin Goggo ta gama mita ya tayar da janareta. Sautinsa fes, ba irin mai toshe kunne ba.

Nanaye ya yi ta sakawa har magariba. Da manya suka ja gefe, ƙawayen amarya suka cika fili cikin ankonsu, kawai sai ya saki "Starships" ta Nicki Minaj, mawaƙiyar gambarar nan ta Amurka.

Ni da waƙar nan akwai tsohuwar gaba. A 2012 da ta fito ina karatu a Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna, cikin samarin da suka riƙe gambarar zamani kamar gadon gidansu. Mun haddace baitin Nicki na cikin "Monster" ta Kanye West, muna cewa ta binne mazan da ke waƙar. Sai ga shi ta ɗauko RedOne, ɗan Maroko da ya yi wa Lady Gaga kiɗa, ta fito da kiɗan rawa irin na Turai. Gambarar ciki ba ta fi cikin cokali ba, sauran duk amshi ne da ganga mai bugu ɗaya. Muka ce ta bi kuɗi ta bar gida, kamar yadda muke zagin duk wani namu da ya karkata ga nanaye. Masu sharhi a Amurka ma kansu ya rabu. A watan Yunin shekarar, wajen taron Summer Jam na gidan rediyon Hot 97, Peter Rosenberg, mai gabatar da shiri a gidan rediyon, ya hau dandamali ya ce wannan ba hip-hop na gaskiya ba ne, Lil Wayne kuma, ubangidanta a kamfanin waƙa, ya fusata ya hana ta yin wasa a taron. Mun yi mako muna murna kamar mu aka rama wa. Waƙar kuwa ko a jikinta, ta kai ta 5 a jadawalin Billboard, bidiyonta ya ci kyautar MTV.

Ranar kamun na ga abin da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Daidai inda murya ke tsayawa kiɗa ya ɓarke, yaran da suke firamare lokacin da muke wancan musu suka yi tsalle gaba ɗaya, ɗankwali na zamewa, wata ta cire takalminta mai tsini ta riƙe a hannu. Ina jingine da bishiyar darbejiya, na duba ƙasa sai na ga ƙafata na bin gangar. Har yanzu ina nan a kan cewa baitocin ba su da nauyi, amma don rawa aka gina ta, kuma ta tayar da fili fiye da duk abin da aka saka a daren.

Inda DJ ya kwafsa: wadda ba a tace ba ya saka, alhali akwai ashar ƙarara a cikin amshin. Goggo kuwa Turanci ta koyar a sakandare har ta yi ritaya. Ta yafito ni da hannu.

"Kai ɗan nan, kai ka kawo mana wannan? Kana jin abin da take faɗa kuwa?"

Na ruga wajensa na ce, "Malam, ba ka da wadda aka tace ne?" Ya ɗaga abin kunnensa ya ce, "Yallaɓai, ai ba mai ji." Na nuna masa Goggo. Nan take ya mayar da mu nanaye.

Idan wani bikin ya taso zan sake kiransa, amma sai na zauna na saurari jerin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya tun ana jibi biki. Goggo dai har yau in na je gaishe ta sai ta tambaye ni lafiyar baƙuwata ta Amurka.